Tsibirin Tioman: a fara taka wa baƙo birki kafin masunci

A watan Agustan 2023 majalisar ministocin Malesiya ta ƙi amincewa da gina sabon filin jirgin sama a tsibirin Tioman, kuma ministan albarkatun ƙasa da muhalli na lokacin, Nik Nazmi Nik Ahmad, shi ya fito ya sanar. Kamfanin da ya kawo shirin ya nemi a bar shi ya cike teku da duwatsu da yashi tsakanin ƙauyen Paya da ƙauyen Genting, ya shimfiɗa titin saukar jirgi mai tsawon kilomita 2.5. Filin zai ci hekta kusan 186, akasarinsu a yau ruwa ne, ruwan da doka ta hana ɗan tsibirin ya jefa ko da ƙugiya a cikinsa. Da an yi, da manyan jirage sun riƙa kwaso 'yan yawon buɗe ido daga biranen Asiya suna juye su a wurin da mazaunansa ba su kai 4,000 ba.

A ganina ministocin sun yi daidai. Sai dai ban bi sahun waɗanda suka tafa suka watse ba, domin hana filin jirgi ƙofa ɗaya kawai ya toshe. Idan hukuma ta ce ta killace tsibiri don ta kare abin da ke cikinsa, daga wa take kare shi? Abin da aka saba, a Malesiya da wajenta, shi ne a fara ɗaure hannun masuncin da aka binne cibiyarsa a wurin, sannan a wangale wa baƙo ƙofa muddin da kuɗi a aljihunsa. Wannan tsari a kife yake. Baƙo ya kamata a fara ƙirgawa a sa masa iyaka, ko da baƙon ni ne, ko kai da kake karanta wannan.

Ga wanda bai san wurin ba, Tioman yana cikin Tekun Kudancin Sin, kimanin kilomita 30 daga gaɓar gabashin Malesiya, a ƙarƙashin jihar Pahang. Tsakiyarsa duwatsu ne da kurmi ya lulluɓe, mafi tsayinsu Gunung Kajang, mita 1,038. Ƙauyukan duk a bakin ruwa suke: Tekek wanda ya fi girma, Salang, Air Batang, Paya, Genting, Mukut, sai Juara can shi kaɗai a gefen gabas. Da yawansu babu titin mota tsakaninsu, kwale-kwale mai inji shi ne motar haya. Mutanen wurin Malayawa ne Musulmi, kuma tun zamanin da fataken Larabawa ke kai kaya Sin ta ruwa jiragensu ke yada zango a nan su ɗebi ruwan sha. Ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Malesiya ba za su rasa jin sunansa ba.

Ba na musun daɗin wurin, kuma ba na cikin masu ganin mutum ya tafi kallon halittar Ubangiji ɓata lokaci ne. Ruwan garau yake, har kana cikin kwale-kwale kana hangen ƙasan teku. Wanda bai taɓa goya tukunyar iska ba ma, zai iya koyon nitso cikin kwana uku ko huɗu, a ba shi takardar shaidar da za ta ba shi damar sauka har mita 18, ya ga kunkurun teku yana kiwo, ya ga ƙananan kifayen shak suna wuce shi ba ruwansu da shi. Wanda ba ya son zurfi ya sa tabarau da bututun numfashi ya kwanta a saman ruwa. Mai son tafiyar ƙasa kuwa akwai hanyar kurmi daga Tekek zuwa Juara, kimanin kilomita 7, hawa da gangara, awa biyu zuwa uku cikin inuwar manyan itatuwa, ga birai masu fizgar leda a hannun mutum, ga guza kwance a bakin rafi. Idan ka ɓulla Juara ka iske doguwar gaɓa mai farin rairayi inda kunkuru ke fitowa da dare su yi ƙwai.

Amma kafin ka kai ga wannan sai ka sha hanya. Daga Kuala Lumpur sai ka yi awanni a mota zuwa Mersing ko Tanjung Gemok, sannan ka shiga jirgin fito na kusan awa biyu. A Mersing ma lokacin tashi ba a hannun direba yake ba, sai ruwa ya cika bakin kogin, domin idan ya janye jirgi ba ya iya fita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar damina kan taso daga arewa maso gabas, teku ya yi ta hauka, yawancin masaukai su rufe. Akwai ɗan ƙaramin filin jirgi a Tekek, titinsa bai kai kilomita ɗaya ba, dutse a gabansa, sai ƙananan jirage ke iya sauka. Wannan wahalar da masu neman sabon fili ke kira ci-baya ita ce mai gadin da ya fi kowane jami'i aiki a tsibirin. Ba a biyan ta albashi, ba ta karɓar na goro, kuma duk shekara tana ba ruwan hutun wata uku. Duk da haka, kafin annobar korona baƙin da ke zuwa a shekara sun haura 200,000.

A takarda Tioman killatacce ne sama da ƙasa. A 1972 aka ayyana kurminsa a matsayin gandun namun daji. A 1994 aka ayyana ruwan da ke kewaye da shi a matsayin gandun teku a ƙarƙashin dokar kamun kifi ta 1985, aka hana kamun kifi a duk inda bai wuce mil biyu na teku daga gaɓa ba, wato kilomita 3.7 ke nan. Ka tsaya ka dubi wanda wannan doka ta faɗa wa a ka. Babban jirgin kamun kifi dama can a zurfi yake aiki. Wanda ke kamu kusa da gaɓa shi ne mai ƙaramin kwale-kwale, mai neman abin miya da ɗan abin sayarwa. Shi aka ce ya ajiye sana'ar kakanninsa. Waɗanda suka samu dama sun koma jigilar baƙi, ko suka gina 'yan ɗakunan katako suna haya, ko suka zama ma'aikata a otal ɗin wani. Ba a ce babu wanda ya amfana ba, da yawa sun amfana. Amma sadaukarwar farko daga wajensu ta fito, ba a kuma nemi baƙo ya yi makamanciyarta ba.

Shekara takwas bayan haka, a 2002, gwamnatin da ta ce tana kare tsibirin ta mai da shi yankin da ba a biyan harajin kaya, don a ƙara jawo jama'a. Sai ga barasa ta fi araha a ƙauyen Musulmi masu kamun kifi fiye da a babban birnin ƙasar. Akwai kuma wata ɓaraka da duk ɗan Najeriya zai gane ta nan take. A tsarin Malesiya gandun teku na gwamnatin tarayya ne, ƙasa kuwa ta jiha ce. Ikon jami'in gandu a bakin ruwa yake ƙarewa. Yana iya kama wanda ya karya reshen murjani, amma ba shi da ta cewa idan jiha ta ba wani izinin sare gangaren dutse ya kafa ɗakuna ɗari, alhali laka da ruwan masai da za su gangaro daga can sun fi hannun mutum dubu ɓarna.

Sai an san mene ne murjani kafin a gane haka. Mu mun fi sanin ɗan'uwansa ja da ake yin tsakiya da shi, shi ya sa muke ɗaukarsa dutse. A cikin ruwa abu ne mai rai. Ƙananan halittu ne masu taushi, dubbai a haɗe, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri, sabbi suna ɗorawa a kan na matattu har ya zama tsauni. A cikin jikinsu akwai wani gansakuka ƙanƙani da ido ba ya gani, wanda ke amfani da hasken rana ya samar musu da yawancin abincinsu, shi ne kuma ke ba su launi. Don haka suna bukatar ruwa mai haske. Idan laka ta turbuɗe ruwan, yunwa ta kama su. Idan ruwan masai ya shigo, ciyawar ruwa ta samu taki ta rufe su. Masu rassa kan yi tsawon santimita 10 a shekara idan sun ji daɗi, masu dunƙule kuwa kimanin santimita ɗaya. Dunƙulen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka. Wuraren murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka.

To, me baƙo ke yi wa wannan halitta? Ba da mugunta yake zuwa ba, matsalar ke nan. Sabon ɗan koyon nitso bai iya tsai da jikinsa a tsakiyar ruwa ba, yana harba ƙafa yana karya rassa bai ma sani ba. Mai ninkaya da ya gaji sai ya taka abin da ya ɗauka dutse ne don ya huta. Ana watsa wa kifi burodi don a samu hoto, kifin ya bar cin ciyawar da cin ta ke hana ta shaƙe murjani. Mai kwale-kwale ya jefa anga inda ya ga dama. Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke faruwa a tudu. Kowane baƙo yana wanka, yana zagayawa, ana wanke masa zanin gado, yana shan ruwan gora ya yar da robar. Tsibiri ba shi da bayan gari da za a kai juji. Ruwan shansa daga 'yan ƙoramun dutse yake, lokacin da baƙi suka fi yawa kuma shi ne lokacin da ruwan sama ya fi ƙaranci. Mutum ɗaya ba ya yin komai, amma 200,000 suna yi, kuma kowannensu zai rantse maka bai taɓa komai ba.

Killace wuri don amfanin jama'a ba Turawa suka fara shi ba, kuma tambayar wa za a hana, wa za a bari, an amsa ta tuntuni. Ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Buhari cewa Sayyidina Umar ya ɗora wani bawansa da ya 'yanta, mai suna Hunayyu, a kan wata makiyaya da ya killace. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya kiyayi dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su biyun ko dabbobinsu sun ƙare suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka idan nasa suka mutu 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Amirul Muminina. Ya ƙara da cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, domin ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi a jahiliyya, a kanta suka musulunta, kuma ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba da bai killace ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba.

Manyan sahabbai biyu, cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, su aka tsayar a bakin shinge, aka shigar da mai tunkiya biyar. Ma'aunin shi ne wa ke da wani wurin komawa. Mai zuwa nitso daga Singafo ko Jamus ko Abuja, idan aka ce masa bana babu gurbi, hutunsa kawai ya ɓaci, akwai wasu tsibiran. Masuncin Mukut ba shi da wani Mukut ɗin. Gandun teku na zamani ya juya wannan ma'auni, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malesiya kanta ta taɓa nuna cewa ana iya ce wa mai kuɗi ya tsaya. Can a jihar Sabah, kusa da garin Semporna, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sipadan, wanda za ka iya zagaye shi da ƙafa cikin rabin awa. Kan wani tsauni ne da ya taso mita 600 daga ƙasan teku, masu nitso na duniya suna sa shi a sahun farko. A Afrilun 2000 'yan ƙungiyar Abu Sayyaf, masu ɗauke da makamai a kudancin Filifin, suka sace mutum 21 daga can suka tsallaka da su Filifin. A ranar 17 ga Disamban 2002, wata biyu bayan ta yanke hukuncin Bakassi, Kotun Duniya ta ba Malesiya tsibirin a shari'arta da Indunisiya. Abin sha'awa, cikin hujjojin da suka rinjayi kotun har da dokar 1917 da ta tsara ɗibar ƙwan kunkuru, da ayyana tsibirin mafakar tsuntsaye a 1933. Wato kula da wurin aka ɗauka shaidar mallakarsa. Bayan nan gwamnati ta umarci duk masu masaukai su tattara nasu ya nasu su bar tsibirin kafin ƙarshen 2004. Daga baya aka ƙayyade izinin shiga, mutum 120 a rana, kodayake an ƙara adadin a shekarun baya-bayan nan. Babu baƙon da ke kwana a can yanzu. An yi kuka, an ce kasuwa za ta mutu. Ba ta mutu ba, ƙarancin gurbin ma ƙara wa wurin daraja ya yi.

Sai dai Sipadan ya nuna inda gizo ke saƙar. Masaukan da aka kora ba su ɓace ba, maƙwabcin tsibiri suka koma, Mabul, suka jeru kusa da ƙauyen talakawa da ke fama da shara da rashin tsaftataccen ruwa. An share ɗaki an tara dattin a bayan ƙofa. Izinin kuma ta hannun kamfanonin nitso yake fita, su kuwa sukan sa sharaɗin sai ka kwana 'yan kwanaki a masaukinsu kafin su ba ka rana ɗaya a Sipadan. Iyakar ta yi aiki ga kifi da kunkuru, amma ta mai da wurin na masu hannu da shuni. Malamin makarantar Semporna da aka haifa yana hangen tsibirin zai iya tsufa bai taɓa leƙa ƙarƙashin ruwansa ba.

Waɗanda suka ƙi sa iyaka da wuri kuwa sun sa ta da tsiya. Gaɓar Maya a Tailan, wadda tsawonta bai wuce mita 250 ba, ta riƙa karɓar mutum har 5,000 a rana bayan wani fim ɗin Amurka na shekarar 2000 ya tallata ta. A Yunin 2018 aka rufe ta da niyyar 'yan watanni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma da sharaɗin ba ninkaya, ba shigar kwale-kwale ta gaba. Kifayen shak sun dawo suna haihuwa a wurin. A Filifin, shugaban ƙasa na lokacin, Rodrigo Duterte, ya kira tsibirin Boracay ramin masai, ya rufe shi wata shida daga 26 ga Afrilun 2018. Masu manyan otal sun jure. Dubban masu tuƙa kwale-kwale da masu dafa abinci da masu talla su suka wayi gari ba abin yi. Ko a ihu bayan hari, talaka ne ke biyan kuɗin.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin ta fi kowace nauyi. Cikin mutanen Tioman akwai waɗanda suka so filin jirgin, kuma ba don an saye su ba. Ka ɗauki mace mai naƙuda da ta zo da gardama a watan Disamba, teku yana tafasa, babban asibiti yana can ƙetare. Ka ɗauki mai ɗakunan haya da ke cin kuɗin wata tara a wata goma sha biyu, ko saurayin da ya gama sakandare yana ganin ba abin da ya rage masa sai ya tafi birnin Johor Bahru neman aiki. Mai zaune a birni cikin sanyin na'ura ba shi da bakin ce musu su haƙura saboda murjani. Amma a dubi bukatar da kyau. Mai naƙuda asibiti take bukata a tsibirin, da jirgi mai saukar ungulu na gaggawa, ba titin kilomita biyu da rabi ba. Waɗannan hakkin gwamnati ne, bashi ne ma a kanta tun ranar da ta karɓe musu ruwan su. Babban filin jirgi kuwa manyan otal yake kirawowa, masu zuwa da ma'aikatansu da kwale-kwalensu da kantinansu, mai ɗaki shida na katako ya zama ɗan kallo.

Ba kuma ina cewa kowane masunci waliyyi ba ne. A ruwan Semporna har yau akwai masu jefa nakiya don kifi ya taso, abin da ke rugurguza murjanin shekara ɗari cikin ƙiftawar ido. A Yulin 2019 irin wannan nakiya ta kashe masu nitso uku, baƙi biyu 'yan Sin da malaminsu ɗan ƙasa. Dole a hana wannan, da ƙarfi ma. Abin dubawa shi ne a kan wa ƙarfin ke sauka. A Yunin 2024 jami'an Sabah suka rushe gidajen kan ruwa na Bajau Laut a yankin gandun teku na Tun Sakaran, aka ƙona wasu, ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Waɗannan mutane ne da suka yi ƙarnoni suna rayuwa a kan teku, da yawansu ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa. Hukuma ta ce ba bisa ƙa'ida suka yi ginin ba, ta kuma kawo batun tsaro. Kwale-kwalen 'yan yawon buɗe ido kuwa suna nan suna kai da kawowa a cikin gandun.

Akwai wata hanyar, an kuma gwada ta a Afirka. A tsibirin Misali da ke gefen Pemba a Zanzibar, an daɗe ana fama da masu kamun kifi da nakiya, doka ba ta hana ba. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar agaji ta CARE da wata cibiyar Musulunci mai kula da muhalli da Fazlun Khalid ya kafa a Ingila suka zauna da limamai da malaman allo da shugabannin masunta, aka tattauna amanar da Allah ya ɗora wa ɗan Adam a bayan ƙasa, da ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Abin da masunci ya ƙi ji daga bakin jami'i ya ji shi daga bakin limaminsa. Ba a kori masunta daga Misali ba, wani yanki aka keɓe aka bar musu saura. Mu ma mun san irin wannan. Ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin bikin Argungu, kuma abin da ke riƙe hanin shi ne Sarkin Ruwa na cikinsu ne. A Tioman ma akwai samarin tsibirin da ƙungiyar Reef Check Malaysia ta horar, suna nitso suna kwance tarun da suka maƙale a murjani, suna cire wata halitta mai ƙaya da ke cinye shi. Su ya kamata a ba wuƙa da nama, ba aikin sa kai kawai ba.

Abin da nake so a yi a Tioman da ire-irensa bai da wuyar faɗa. A fara ƙirga gadaje, ba kawunan da ke sauka a tashar jirgin ruwa ba. A auna ruwan shan da tsibirin ke iya bayarwa a watan da ya fi bushewa, da ƙazantar da ake iya tacewa, a ce ga iyakar ɗakunan haya, daga nan ba ƙari, kuma ɗan tsibirin ne ke da fifiko a cikinsu. Wannan sai jiha da tarayya sun zauna a tabarma ɗaya, nan ne wuyar take. Wuraren nitso da suka fi cunkoso a sa musu adadi na kullum, amma gurbin ya zama na wanda ya riga yin rajista, ba na wanda ya fi tayi ba, a kuma keɓe kaso ga 'yan makaranta da 'yan ƙasa. Kuɗin kula da gandu da aka daɗe ana karɓa, ringgit (kuɗin Malesiya) 30 ga baƙo daga waje, ringgit 5 ga ɗan ƙasa, bai kai rabin kuɗin nitso guda ɗaya ba. Wanda ya iya biyan jirgi daga wata nahiya zai iya biyan ninkinsa sau da yawa, da sharaɗin wani kaso sananne ya tsaya a ƙauyukan, a manna lissafinsa inda kowa zai gani. Sannan a keɓe wa mazauna wurin da za su kama na miya da ƙugiya ba tare da sun zama ɓarayi a ƙofar gidansu ba.

Wannan yana nufin wata rana ɗanmu da ya gama jarrabawa a Kuala Lumpur zai nemi gurbi a ce masa sai wata mai zuwa, ko a ce wurin da ya gani a hoto a rufe yake bana. Ya yi haƙuri. Idan ya samu shiga, ya sauka a ɗakin ɗan gari, ya hau kwale-kwalensa, ya ci a rumfar matarsa, ya sa rigar da ke hana nutsewa idan bai iya ruwa ba don kada gajiya ta sa shi taka murjani, ya kuma bar burodinsa a jaka.

Za a ce duk wannan wahalar banza ce tunda teku na ɗumama, kuma jirgin da ya kawo baƙon ma yana cikin masu ɗumama shi. Akwai gaskiya a ciki. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, murjani kan fitar da gansakukan jikinsa ya yi fari fat, idan abin ya daɗe ya mutu. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. Babu adadin baƙin da zai sanyaya ruwa. Amma murjanin da ya yi fari bai riga ya mutu ba, majinyaci ne, kuma wanda ba ya fama da laka da ruwan masai da ƙafafun mutane ya fi saurin farfaɗowa idan zafin ya sauka. Hukumomin Malesiya sun san haka. A Yulin 2010, lokacin da farin murjanin ya bazu, sun rufe wuraren nitso 12 a jihohin Kedah da Terengganu da Pahang, har da wasu na kewayen Tioman, zuwa ƙarshen Oktoba. A tsakiyar kakar baƙi aka yi hakan, masu shagunan nitso suka karkata kwale-kwalensu zuwa wuraren da aka bari a buɗe.